Harsashin da Hannuna Zai Iya Ɗauka

A shekarata ta biyu a Dubai na fara zuwa wurin koyon harbi. Ni mai haɗa magani ce, abin da na karanta ke nan, kuma shekara shida na yi ina aiki a wani asibiti a gida kafin in biyo maigidana nan. Ban taɓa zaton hannuna zai riƙe bindiga ba.

Muna zaune a unguwar Al Muraqqabat, a wani flat na gidan bene da aka raba gida uku da katako. Ɗakinmu ne na ƙurya. Tagarsa ɗaya, in ka buɗe ta bangon wani bene ne a gabanka. Maigidana yana fita tun rana ba ta ɗaga ba, motar kamfani ta kwashe su zuwa Jebel Ali inda yake kula da shige da ficen kwantena, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ni kuwa takarduna ba su da amfani a nan sai na ci wata jarrabawa, na zauna sau ɗaya na faɗi. Bizata a jikin tasa take rataye. Da rani ko bakin titi ba ya fituwa, iskar kamar an buɗe murfin tukunya. Sai in yi girki, in yi wanki, in karanta shafi biyu, in kira Inna.

Inna mahaifiyata ce. Tana can garinmu, a gidan da mahaifinmu ya bari, ita da wata 'yar'uwarta da ke taya ta zama. Tun da na baro ƙasar ban koma ba, kuma kowa a gida ya san dalili.

Abin ya faru wata uku kafin tafiyata. Gidan yana bakin gari, bayan katangarmu gonaki ne. Na je gaida Inna, muna tsakar gida bayan la'asar tana tsince shinkafa, sai muka ji babura da yawa sun tsaya lokaci ɗaya, sannan harbi. Inna ta ja hannuna muka shige sito, inda buhunan masara suke. Na rarumi taɓarya a bayan ƙofa na tsaya da ita. A raina na ce duk wanda ya leƙo sai na fasa masa kai. Wani ya turo ƙofar. Dogo ne, fuska a naɗe da rawani, bindiga rataye a kafaɗa. Ya dube ni, ya dubi taɓaryar, ya miƙo hannu. Na miƙa masa. Haka kawai, kamar maƙwabciya ce ta zo aro. Ya jefar da ita tsakar gida, ya karɓe wayoyinmu da 'yan kunnen Inna, ya fita. Mu ba su taɓa mu ba. A gidan da ke jikin namu suka tafi da maigidan da babban ɗansa. Ɗan ya dawo bayan wata biyu, uban bai dawo ba.

Inna ba ta taɓa ta da maganar taɓarya ba. Ni ma ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Abin da ya sani kawai shi ne sun shigo, mun ɓuya, Allah ya tsare.

Dubai gari ne da mutum zai bar wayarsa a kan tebur ya je alwala ya dawo ya same ta. Duk da haka sai in duba makullin ƙofa sau uku. In mai kawo saƙo ya tsayar da babur a ƙasan bene, sai in bar abin da nake yi in kasa kunne. Maigidana ya lura ina ramewa. Wata Asabar ya ce in shirya, abokan aikinsa za su wani wurin harbi, a wajen gari, in zo ko iska in sha.

Wurin a rufe yake, da sanyi kamar ɗakin ajiye allurai. Suka karɓi katin shaidarmu, suka ba mu tabarau da abin toshe kunne. Kowa da layinsa, kowa da mai kula da shi a bayansa. Bindiga da harsashi duk nasu ne, a nan za ka karɓa, a nan za ka bari. Muna magana da maigidana sai wani dattijo siriri mai furfura a gemu ya juyo.

"Sannunku da zuwa, mutanen Najeriya," in ji shi.

Mutumin Nijar ne, daga wajen Maraɗi. Ya yi shekaru a jandarma kafin ya ajiye aiki, wani ɗan'uwansa mai harkar kaya a Deira ya samo masa wannan gurbin. Tun ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗiyata.

Na ce kallo na zo yi. Ya ce to, amma in riƙe in ji nauyinta. Ya gyara mini tsayuwa, ya nuna mini inda yatsa zai kwanta nesa da kunamar bindigar sai an shirya. Ya ce in saki numfashi. Na matsa. Ƙarar ta ratsa ni har haƙora, bindigar ta yi tsalle ta dawo, wani ɗan rami ya fito a jikin takarda can gaba. Na tsaya ina kallon ramin. Hannuna ne ya yi shi. Ranar na ci abinci sosai.

Daga nan na mayar da shi al'ada. Da farko maigidana yana raka ni, daga baya ya gaji, Asabar ce kaɗai ranar hutunsa. Sai in hau jirgin ƙasa daga tashar Al Rigga, in sauka in ɗauki tasi. A sati, nan ne kaɗai wurin da nake zuwa da ƙafata.

Littattafan jarrabawa na ture su gefe, na koma karanta bindiga a waya. A nan na gano cewa harsashi ma kala-kala ne. Za ka ga biyu girmansu ɗaya, bindiga ɗaya suke shiga, amma ɗaya an tsara albarushinsa yadda matsin da ke cikinsa ya fi ƙarfi, sai ya fita da gudu fiye da ɗan'uwansa. A gindin kwansonsa ana buga alamar ƙari da harafin P. Ni a raina na sa masa suna mai zafi. Masu yabonsa suna cewa in dai don kare kai ne, shi ya fi, don ya fi isa da ƙarfi. Masu kushe shi suna cewa yana shurin hannu, ya fi ƙara, ya fi walƙiya, yana saurin cinye bindiga, kuma ba kowace bindiga aka ƙera ta ɗauke shi ba. Kowane ɓangare da hotunansa da rantse-rantsensa. Na karanta wannan in yarda, in karanta wancan in warware. Ina yanka albasa ina lissafi, ina ninke kaya ina lissafi. Zuciyata dai ta fi karkata ga mai zafin. Gani nake mace mai ƙaramin hannu irina, abin da ta rasa a damtse sai ta nemo shi a harsashi.

A cikin wannan hali yayana ya kira daga Kano. Ya ce yanar ido ta rufe idon Inna na dama, na hagun ma ya fara. Likita ya ce aiki za a yi.

"Kullum sai ta tambaye ki," in ji shi. "Ke ce kika san magani. Ki zo ki zauna da ita ko na wata ɗaya ne."

"In sha Allahu, Yaya. Bari a yi Sallah."

Aka yi Sallah, na ce bari zafi ya ragu. Ba ƙarya nake yi masa da gangan ba. Na ɗaura wa kaina wani sharaɗi ne da ban faɗa wa kowa ba: sai na iya harbi sosai, sai na san wane harsashi ne nawa, sannan zan iya taka garin nan. Gaba kura, baya sayaki. In na zauna, Inna tana makancewa ba na kusa. In na ce zan tafi, sai in ji ƙarar babura a kunnena.

Wata Asabar na tambayi Baba kai tsaye. Na ce tsakanin mai zafi da na yau da kullum, wanne ya fi don kare kai.

Ya cire abin kunnensa ɗaya. "Mi kika ce?"

Na maimaita da ƙarfi. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, sai ka tsaya ta damansa.

"Bon, to," in ji shi. "Wa ya gaya miki wanga zance?"

"A waya na karanta, Baba."

"Waya ba ta da wuyan hannu. Ke ke da shi. Ki dawo sati mai zuwa, in nemi izini wurin babba. Akwai 'yan kwalaye da muke ajiyewa."

Da na dawo ya ajiye kwali biyu a kan kanta. Ya ɗauko wata bindiga dabam da wadda na saba, ya nuna mini rubutun jikinta. Ya ce abu na farko ke nan, in maƙeranta ba su ce tana ɗaukar mai zafi ba, to maganar ta ƙare tun a nan, kada in yarda da kowa. Ya rataya sabuwar takarda, ya tura ta kamar taku bakwai.

"Ɓarawo ba ya tsayawa nesa," ya ce. "Guda biyar, na yau da kullum. In na ce yalla, ki yi ta yi, kada ki tsaya kallon inda ya faɗa."

Na yi biyar a jere. Ya jawo takardar. Duka suna tsakiya, tafin hannuna zai rufe su. Ya zagaye su da biro, ya sa wata takardar, ya cika bindigar daga kwali na biyu.

Na farko ya faɗa tsakiya. Amma bindigar ta shure ni har gwiwar hannu, bakinta ya ɗaga sama, wuta ta haska a gabana. Kafin in dawo da ita saiti na ɓata lokaci. Na biyu ya tafi sama, can gefen takarda. Na uku ban san inda ya je ba. Na matsa na huɗu, ba abin da ya tashi, amma na ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa da kansa, idanuna kuma a rufe.

"Voilà, ga shi nan," in ji Baba. "Wannan harsashin na roba ne, ba ya tashi, ni na sa miki shi a tsakiya. Kin ga abin da hannunki ya yi? Tun ba ta shure ki ba kin fara gudu. Harbi uku kawai ya koya miki tsoro."

Na ajiye bindigar. Wuyan hannuna yana zugi.

Ya ce ba wai mai zafi banza ba ne. Ya san mutanen da yake yi musu daidai, masu hannu kamar ƙota, waɗanda suka yi shekaru suna harba shi a babbar bindiga mai nauyi. Ƙarfin da yake ƙarawa gaskiya ne, amma ba shi da yawan da ake zuzutawa, balle a bindiga mai gajeren baki. Abin da yake karɓewa a hannun mai koyo kuwa ya fi abin da yake bayarwa. Kuma a nan ina da abin toshe kunne, a ɗaki ba ni da shi.

"Harsashin da ya kuskure, ɗiyata, bai ɓace ba. Wani wuri ya tafi. Wa ke bayan bangon?"

Na tuna katakon da ya raba mu da maƙwabtanmu a flat, inda nake jin tarin jaririyarsu.

"Ke ba magani kika karanta ba? Kin taɓa ba marar lafiya wanda ya fi ƙarfi don kawai ya fi ƙarfi? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Naki shi ne wancan." Ya nuna takardar farko.

Ya kamata in gamsu. Amma sai na ji bakina yana cewa, "To in dogo ne fa, Baba? In ya naɗe fuska da rawani, ga riga mai kauri, ga shi a bakin ƙofa?"

Ya dube ni. Sannan ya kwashe harsasan, ya kulle bindigar a akwatinta, ya ce in biyo shi waje. Akwai wasu kujeru a gaban injin shayi. A nan na ba shi labarin sito, har da taɓarya, har da yadda na miƙa ta da hannu biyu. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa.

"Su nawa ne?" ya tambaya.

"Ban gani ba. Baburan sun fi goma."

"Da kin buga mishi fa?"

Bai jira amsata ba.

"Da yau ba ki nan. Innarki ma haka. Da bindiga ce a hannunki, mai zafi ko mai sanyi, da kin kada ɗaya, sauran su shigo. Na kwashe gawar maza da suka yi abin da kike cewa ba ki yi ba. Ran nan hannunki ya fi ki hankali."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma maganar ta tsaya mini a kunne, ba ta sauka ba. Na ce masa ni dai abin da na sani, an miƙo hannu na bayar.

Ya kurɓi shayinsa. "In tambaye ki wani abu. Can ƙasarku, wa za ya ba ki takardar riƙe ƙaramar bindiga?"

"Babu."

"A nan fa?"

"A nan ma babu."

"To wane harsashi muke zaɓe?"

Na sani tun farko. Na karanta wannan ma a waya, na wuce shi da sauri. Wata huɗu na yi ina auna harsashi biyu don bindigar da ba zan taɓa mallaka ba, a nan ko a can. Na sa gefen mayafina na share fuska. Bai rarrashe ni ba, ya dai tura mini kofin ruwa.

Sai ya ce shi ma shekararsa huɗu rabonsa da gida. Ƙauyensu ya watse, iyalinsa sun koma cikin gari sun raɓe a gidan surukai. Ya ajiye kaki don ya gaji da ƙarar bindiga, ya ƙetaro teku ya tarar ita ce kaɗai sana'ar da za a ɗauke shi. Kullum awa tara a cikin wannan ƙara. Ko ya kwanta, kunnensa yana kuka kamar gyare. Duk shekara yana cewa wannan ce ta ƙarshe, duk shekara sai ya sa hannu a sabuwar takardar aiki, don bakuna goma sha ne ke jiran abin da zai aika.

"Khalas, shi ke nan," ya ce, ya miƙe. "Akwai mai jirana a layi na shida."

Na ƙara zuwa sau uku bayan wannan. Na yau da kullum nake harbawa, kuma hannuna ya koma daidai, sai dai abin ya daina yi mini daɗin da yake yi. Ina kallon ramukan a takarda, ramuka ne kawai. A zuwa na uku na yi wa Baba sallama na ce zan je ganin Inna. Ya ce in gaishe ta, in ce wani tsoho a Dubai yana yi mata addu'a.

Yaya ne ya sauƙaƙa mini. Ya ce a Kano za a yi aikin, shi zai je ya ɗauko ta, ni in sauka a gidansa. Kwana tara na samu. Na kwana da ita a asibiti, ni nake ɗiga mata maganin ido, ni nake hana ta sunkuyawa. Ranar da aka cire bandeji ta ƙura mini ido ta ce, "Ashe haka kika rame." Muka yi dariya har nas ta leƙo.

A kwana na bakwai ta ce gida za ta koma. Yaya ya yi ta roƙonta ta zauna Kano, ta ce awakinta da kabarin mijinta suna can, kuma ba ta iya barcin gidan bene.

"Ki raka ni," ta ce mini. "Ki kwana ɗaya ki juyo. Mutane suna ta tambayarki."

Na ce to. Da safe na sa kaya kala ɗaya a jaka, na shiga bayan mota kusa da ita, Yaya yana tuƙi. Tafiyar awa uku ce. Muna cikin gari lafiyata ƙalau. Da gidaje suka fara ƙarewa, gonaki suka fara, na fara waige-waige ta taga. Yaya ya tsaya shan mai a gidan man ƙarshe. Wasu 'yan acaɓa biyar ko shida suka shigo tare suka yi layi a bayanmu, suna ta hirarsu. Na buɗe ƙofa na fita. Na tsaya a gefen famfo, na kasa komawa cikin motar.

Yaya ya zagayo. "Mene ne?"

"Yaya, jirgina jibi ne. In hanya ta ɓaci zan rasa shi."

Ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta kira shi daga cikin mota ta ce ya ƙyale ni. Ta sauke gilashi, ta laluba jakarta ta ciro ƙullin daddawa da kuka da ta yi niyyar ba ni in mun isa.

"Karɓi. Allah ya yi miki albarka. Ki riƙa cin abinci."

Na durƙusa a jikin ƙofar na karɓa. Yaya ya tsayar mini da mai adaidaita sahu, ya gaya masa unguwa. Na tsaya har motarsu ta hau titi, sannan na shiga.

Maigidana ya zo tarbata a filin jirgi da kayan aiki a jikinsa, daga Jebel Ali ya wuto. Ya tambayi idon Inna, na ce ya buɗe, har zare take sawa a allura. Ya ce alhamdu lillahi.

"Kin samu kin je gida?"

"Na je Kano," na ce.

Ya karɓi jakar daga hannuna, muka nufi wajen jirgin ƙasa.